Gashin Aro

Shafi na 23

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe shafin yau.

Masu bi na da saƙo tun shekaranjiya kuna cewa na bar ku a tsaye, to ku zauna, ga kujera. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto kika ce kin tsani Auta, ki daure ki karanta wannan tukuna, sai ki sake rubuto min.

* * *

Auta na zaune gaban madubi, Mai kwalliya na goga mata hoda a karan hanci, sai ga Madam ta turo ƙofa ba sallama, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa.

"Tauraruwa! Yau na shirya miki abin mamaki."

A gida Auta ce. A nan kuwa Tauraruwa ake ce mata, don shekara biyu ke nan fuskarta da gashinta suna jikin kowace kwalbar man gashi da kamfanin Madam ya fitar. Gashi baƙi wuluk, cunkus, ya yi tuli a kanta kamar ya zubo. Duk inda aka kafa allon talla sai mata sun ja sun tsaya. Ƙarƙashin hoton kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: NAKI MA ZAI IYA.

Babu wanda ya san hular gashi ce. Kullum da safe sai ta kulle ɗaki ta sa sakata, sannan ta manna ta da gam.

Ta yi murmushin da ta saba yi wa kyamara ta ce,

"Ina kwana Madam. Abin mamaki kuma?"

"Na soke ɗaukar hotunan yau. Kai tsaye za mu hau intanet."

"Kai tsaye?"

"Ƙwarai. Na gaji da 'yan baƙin ciki, kullum suna rubuta wai gyaran kwamfuta ne. To yau a gaban idonsu za a wanke gashin nan, a shafa masa manmu, a taje shi tas, a kitse. In ga ta ƙarya."

Mai kwalliya ta tafa hannu.

"Wallahi Madam kin gama da su. Ni kaina shekara biyu ina roƙo ta bar ni in ɗan taɓa, ko da yatsa, ta hana."

Auta ba ta ji sauran maganar ba. Wani abu ya tsirga mata tun daga wuya har ƙafa. Duk sanyin ɗakin sai ga zufa ta karyo mata a ƙarƙashin hodar.

"Madam ai... ai kin san ba kowa ke taɓa min kai ba."

"Na sani mana! In ban sani ba ina abin mamakin yake?"

Madam ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Ba ke kika ce min akwai wata tsohuwa mai kitso a unguwarku, ita kaɗai kike yarda ta taɓa shi ba? To na aiki direba. Ya tsaya inda ya saba ɗaukar ki, ya tambayi mata biyu, suka ce ai mai kitso ɗaya ce a nan da kowa ya sani. Har ƙofar gida aka raka shi."

Ta leƙa waje ta ɗaga murya.

"Iya! Shigo mana, kar ki ji komai."



Ta cikin madubi Auta ta fara hango silifas ɗin. Sannan zanen da wanki ya koɗar. Sannan ƙaramar jakar da ta sani tun tana rarrafe, wadda kibiya da mataji da ɗan kwanon man kitso ke ciki. Sannan yatsun nan da shekara talatin na kitso suka lanƙwasa.

Umma ce. Mahaifiyarta.

Da asuba ma ita ta dafa mata ruwan wanka.

Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗan gyara mayafi, fitilun ɗakin na kashe mata ido. Ta dubi Madam, ta dubi Mai kwalliya, sannan ta sauke ido a kan madubi.

Madam ta ce,

"Iya, kin gane ta ko? Ita ce ta ce ke kike gyara mata kai."

Auta ta buɗe baki. Kalma uku kawai ake buƙata. Uwata ce wannan. Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Umma ta jira. Wallahi ta jira, har sai da shirun ya fara yawa.

Sannan ta ɗan rusuna.

"Na gane ta. Ina kwana, ranki ya daɗe."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Uwar da ta haife ta, ta rusuna mata a gaban mutane.

"La... lafiya lau," ta ce, muryar kamar ba tata ba.

Madam ko a jikinta.

"Tun yaushe kike mata kitso, Iya?"

"Tun tana 'yar mitsitsiya."

"Ah, to kin san iyayenta ke nan! Ni har yau ban taɓa haɗuwa da mahaifiyarta ba. Ta ce min babbar 'yar kasuwa ce, kullum tana kan hanya."

Umma ta gyaɗa kai a hankali.

"Na santa. Amma sama-sama."

"To in kin gan ta ki ce mata Madam na cigiya. Ta haifi zinariya."

"Za ta ji."

Mai hoto ta leƙo, igiyar kyamara rataye a wuyanta, ta ce an gama haɗa fitilu, an kawo kwanon wanke kai da tawul.

Umma ta ce,

"Hajiya, ni ba na fara aiki sai na duba kai. Kuma ba na dubawa a gaban jama'a. Haka na saba."

Madam ta kalli agogo.

"Minti goma sha biyar. Ku zo mu ba su wuri."

Ƙofa ta rufu. Umma ta murɗa makulli.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyi.

Umma ta ajiye jakarta a kan teburin kwalliya, tsakanin gwangwanayen hoda da janbaki. Ta ciro kibiya ta ajiye. Ta ciro mataji ta ajiye. Ba ta kalli Auta ba.

"Umma..."

"Yi a hankali. Kar su ji."

"Umma don girman Allah..."

"Wata tsohuwa." Umma ta faɗa tana goge matajin da gefen mayafi. "Da direban ya ce min haka, sai na ce to, wataƙila shi ne bai iya magana ba. Na ce bari in je, 'yata za ta gyara masa."

Auta ta zamo daga kujera ta durƙusa.

"Tashi. Za ki ɓata musu riga."

"Ba zan tashi ba."

"To zauna a nan. Amma ki gaya min, me ke jikina? Wari nake? Sata na taɓa yi? Da kan mutane na ciyar da ke, da shi na sa ki makaranta. Wanne ne abin kunyar a ciki?"

"Babu, Umma."

"To me ya sa kike tsayar da mota can gaban kantin magani, ki taka har gida a rana? Kin zaci ban sani ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya yanko hanya ta cikin hodar.

"Ranar farko da na zo nan," ta ce, "kowace yarinya na faɗin aikin uwarta. Wannan likita, waccan ma'aikaciyar banki. Da aka zo kaina sai bakina ya suɓuce. Na ce gobe zan gyara. Goben ce har yau."

"Shekara biyu."

"Shekara biyu, Umma."

Umma ta yi ajiyar zuciya. Ta zauna a kan kujerar da Auta ta tashi, ta dube ta sosai, daga fuska ta hau zuwa tulin gashin.

"Wannan kuma fa? Ya za mu yi da shi?"

Auta ta kai hannu kai ba ta sani ba.

"Wanne?"

"Auta."

"Na'am."

"Ni za ki tambaya wanne? Ni na haifi kan nan. Na san inda tsagarsa take, na san inda ya lotsa. Tun ranar da aka fara nuna min hoton a waya na san ba naki ba ne."

"Kin sani?"

"Yarinyar da shekara huɗu ko barci ba ta yi sai da ɗankwali? Ɗakinki kullum warin gam kamar shagon mai gyaran takalmi? Kitso ne sana'ata, ba kiwon tumaki ba."

"Amma ba ki taɓa yi min magana ba."

"Ban taɓa ba."

Umma ta juya kibiyar a hannunta.

"Mata na zuwa min da 'ya'yansu, da kwalbar man nan a hannu. Su ce Mai kitso, yadda kika yi wa Auta haka za ki yi wa tawa. In karɓa in shafa, in ce Allah ya sa albarka. Makon jiya wata 'yar shekara takwas ta zauna a gabana tana kuka. Wai kwalba uku ta shafe, nata ya ƙi zama irin naki, wai ita Allah bai ba ta mai kyau ba. Gashin yarinyar nan, Auta, mai kyau ne. Cikakke, mai ƙarfi, kibiya na shiga tana ƙara. Na rarrashe ta na yi mata kitso. Amma ban gaya mata gaskiya ba."

Auta ta toshe baki da hannu.

"Saboda haka kar ki zaci ke kaɗai ce maƙaryaciya a gidanmu."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Mai kwalliya ce.

"Saura minti goma!"

Umma ta miƙe da sauri, ta koma mai sana'a.

"Ji nan. Zan ce musu kina da mura, ruwa ba zai taɓa kan ba yau. Zan shafa mai a sama-sama, in kama miki manyan kitso guda huɗu a kan hular yadda ko mai ido huɗu ba zai gane ba. Ki yi murmushinki, a gama, ki koma gida da aikinki. Ni kuma in koma wata tsohuwa. Babu wanda zai ji daga bakina."

Wani sanyi ya ratsa Auta. Ga ƙofa an buɗe mata. Ta san Umma za ta iya, hannun nan babu abin da bai iya da gashi ba.

Kuma, Allah ya sani, sai da ta ji daɗi. Sai da zuciyarta ta ce alhamdu lillahi. Wannan jin daɗin ne ya fi komai ƙona ta.

"Me ya sa za ki rufa min asiri," ta ce, "bayan abin da na yi miki yanzu?"

Umma ta kau da kai.

"Umma?"

"Don nawa asirin nake rufewa."

"Ban gane ba."

Umma ta koma ta zauna.

"Tabon da ke gaban goshinki. Wurin da gashi bai taɓa fitowa ba. Me na ce miki ya kawo shi?"

"Makero. Kin ce ina ƙarama ya kama ni."

"Ba ki taɓa yin makero ba."

Auta ta ɗago.

"Kina da shekara shida. Gashinki ya fi wannan na kanki cika, wallahi ya fi shi. Sai dai tauri. In na sa mataji sai haƙori ya karye, ke kina ihu ni ina zufa. Gwaggonki ta zo ta same mu a haka, gidan cike da mata masu jiran layi. Ta ce, oh, kina gyara kan 'ya'yan mutane, taki kuma kai kamar soson ƙarfe? Aka kwashe da dariya. Har da waɗanda nake wa kitso."

"Ni ma haka ake ce min a makaranta. Soson ƙarfe."

"Daga tsakar gidanmu sunan ya fita."

Umma ta ci gaba.

"Washegari na je kanti na sayo rilaksa, man nan mai miƙar da gashi. Na manya na sayo, ban ma san akwai na yara ba. Na lafta miki. Sai ga wata mai son kitso ta shigo tana sauri. Na ce miki zauna, yanzu zan wanke. Kika ce Umma zafi. Na ce yi haƙuri, aiki yake. Kika sake cewa Umma zafi. Na daka miki tsawa."

Ta kalli tafin hannunta.

"Da na zo wankewa, gashin gaban ya biyo hannuna. Da fatar."

Auta ta kai hannu goshinta. Ta lalubi abin a ƙwaƙwalwarta ba ta same shi ba. Abin da kawai ta tuna shi ne wani wari mai hawa kai, da sanyin ruwa a wuya.

"Babanku, Allah ya jiƙansa, ya dawo ya tambaya. Na ce makero ne. Maƙwabta suka tambaya, na ce makero. Wa zai kawo min 'yarsa in aka ji mai kitso ta ƙona kan tata? Da kika yi wayo kika tambaya, ke ma na ce miki makero."

"Shekara goma sha tara ina zaton ciwo ne."

"Na sani."

"Ina zaton haka Allah ya yi ni. Ina kallon madubi ina cewa me ya sa ni."

"Na sani, Auta."

"Shi ya sa da na girma na ci gaba da shafa rilaksar da kaina, don in kwanto da na baya in rufe wurin! Har ya ƙarasa cinye sauran! Da kin gaya min..."

"Da na gaya miki da ba ki kai nan ba. Ina ji ina gani kina sayowa kina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. In buɗe baki in hana ki, sai in ji da wane bakin."

Auta ta miƙe tsaye. Ranta na tafasa, ga kuka, ga wani abu da ba ta san sunansa ba. Ta juya baya ta dafa bango.

Sai ta ji motsi.

Ta waiwayo. Umma ce ke ƙoƙarin saukowa daga kujera, tana dafa gwiwar nan tata mai ciwo, za ta kai ƙasa.

"Ki yafe min, 'yar nan."

"Umma! A'a! Wallahi a'a!"

Ta yi tsalle ta tare ta kafin gwiwar ta taɓa ƙasa. Suka riƙe juna a tsaye, kowacce na ja.

"Sau biyu ke nan yau," Auta ta faɗa cikin kuka. "Sau biyu kina rusuna min. So kike in shiga wuta? Ke kuskure kika yi, rana ɗaya. Ni kuwa kullum sai na tashi da safe na sake zaɓar ƙaryar. Ina kallon ki kika ce min ranki ya daɗe, na amsa. Na amsa, Umma!"

"Ya isa."

"Bai isa ba."

"Na ce ya isa. Kwalliyar mutane duk ta zube."

Aka sake buga ƙofa, wannan karon da ƙarfi.

"Minti biyar! Madam ta ce mutane sun fara taruwa a shafi!"

Umma ta share ido da bayan hannu, ta koma kan kujera, ta ɗauki mataji.

"Zauna in kama miki kitson nan."

Auta ta zauna. Ba a kujera ba. A ƙasa, kan tayil, ta jingina da ƙafafun Umma.

"Cire min shi."

"Me?"

"Cire min, Umma."

"Kina da hankali kuwa? Aikinki fa. Matar nan ba ta da alamar wasa."

"Na sani."

"Duniya za ta yi miki dariya."

"Ta yi. Ni dai ki ga kaina. Ko da za a mayar, ki fara gani."

Umma ta ajiye matajin. Sannan ta buɗe kwanon man kitso, ta lakato, ta fara bin bakin hular da shi, tana murzawa a hankali don gam ɗin ya saki. Auta ta runtse ido. Kullum ita fizga take yi, cikin sauri da haushi. Ta manta ana iya cire shi ba zafi.

Hular ta ɗago.

Iska ta bugi fatar kanta.

"Inna lillahi," Umma ta ce can ƙasa.

Gaban goshin ya yi ja, gam ya ci shi ya bar ƙuraje a jere. Tsohon tabon na nan, sumul, faɗin tafin hannun jariri. Gefe da gefe duk ya zube. Can tsakiya da ƙeya ne kawai ɗan gashi ya rage, gajere, a murɗe, ya kwanta luf saboda rashin iska.

Auta ta buɗe ido ta ga kanta a dogon madubin da ke jingine da bango. Ta yi saurin kau da kai.

"Muni ko?"

Umma ba ta ce a'a ba. Ta sa yatsu tana bin kan a hankali, tana tsagawa, tana dubawa, yadda take wa kowa.

"Nan akwai rai. Nan ma akwai. Gefen nan in kin bar gam, wata shida zai tsiro." Yatsanta ya tsaya a kan tabon. "Nan kam ba zai dawo ba. Ba zan sake yi miki ƙarya ba."

"To."

"Amma ji wannan." Ta kama ɗan na ƙeyar ta ja, ya miƙe, ta saki ya koma. "Kin gani? Duk azabar da muka ba shi ni da ke. Taurin kai kamar mai shi."

Dariya ta kufce wa Auta a tsakiyar kuka.

Ƙofar ta girgiza. Madam ce da kanta.

"Tauraruwa! Wai kan mutum nawa ake dubawa? Ku fito haka nan!"

Umma ta ɗauko hular da sauri.

"Kawo kan. Ko ba gam zan iya ɗaure ta da zare, ba za ta motsa ba."

Auta ta kalli hular a hannun Umma. Ba ta taɓa ganin ta a hannun wani ba. A kan allon talla kamar rawanin sarauta. A nan kuwa tamkar wata dabba da ta mutu.

Ta miƙe.

"Ɗauko jakarki, Umma."

"Auta..."

"In na tsaya tunani ba zan iya ba."

Ta murɗa makulli ta buɗe.

Madam ta riga ta juya ta koma cikin babban ɗakin, tana tsaye gaban farin kyalle da kwalbar mai a hannu, tana yi wa kyamara magana da muryar talla.

"...kuma yau za ku gani da idonku, 'yan uwana mata, babu rufa-rufa. Ga ta nan, tauraruwarmu..."

Ta miƙa hannu ta waiwayo.

Maganar ta tsaya mata a wuya.

Burushi ya faɗo daga hannun Mai kwalliya, ya gangara har ƙarƙashin tebur. Babu wadda ta bi shi.

Auta ta tako zuwa tsakiyar fitilun. Zafinsu ya sauka a kan tabon. Ji take kamar tsirara aka tura ta kasuwa. Idonta a ƙasa, ta kasa ɗagowa.

"Kashe," Madam ta ce ta gefen baki. "Kashe kyamarar nan."

Mai hoto ta yi tsuru-tsuru.

"Madam... mun riga mun hau. Sun gani."

Umma ta biyo da gudu-gudu, ta warware mayafinta za ta yafa wa Auta a ka.

Auta ta riƙe hannun.

"Bar shi, Umma."

Madam ta zaro ido.

"Umma? Wace Umman?"

Auta ta ɗago kai. Da ƙyar, amma ta ɗago. Ta kalli baƙin idon kyamarar.

"Gashin da kuke gani a hoto ba nawa ba ne. Hula ce. Wannan shi ne kaina." Ta juya ta nuna Umma. "Wannan matar kuma ba wata tsohuwa ba ce. Mai kitso ce. Ita ta haife ni."

Madam ta dire kwalbar a kan tebur da ƙarfi har murfin ya yi tsalle. Ta tako har gaban Auta, ta juya wa kyamara baya, ta yi magana a hankali yadda su uku kaɗai za su ji.

"Kin san abin da kika yi min kuwa? Shekara goma ina gina sunan nan. Wallahi sai kin..."

"Madam."

Mai hoto ce. Ta bar kyamarar, ta ƙura wa wayar da ke nuna saƙonnin masu kallo ido, hannunta a kan baki.

"Na ce ki kashe!"

"Madam, kafin in kashe..." Ta juyo da wayar, fuskarta ta canza gaba ɗaya. "Zo ki ga abin da matan nan ke turowa. Kowacce cewa take ita ma haka nata kan yake."